Dusar Ƙanƙarar da Gethin Ke Jira

Mama,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ya mutanen Sligo?

Ni da cikina lafiya, watan haihuwa ya kama. Surukinki Gethin da abokansa masu sha'awar duban yanayi kwana uku ke nan suna leƙen ma'aunin sanyi. Jiya ya shigo yana murna: "Orla, ranar Alhamis dusar ƙanƙara har gwiwa."

Na ce, "To, malamin gajimare, in ta toshe hanyar asibiti, abokanka ne za su karɓi haihuwar?"

Dariyarsa ta ɗauke. Yau ya ɗaura wa tayoyin mota sarƙa.

Kada ki damu. Amma in da hali, ki biyo jirgin ruwan Laraba. Tun safe bayana ke ciwo, ban gaya masa ba.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki, Orla