Kariyar Keke a Tirelar Malam

Tarauni, Kano
2 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hafsat da yara. Na rubuto ne domin waya da kai wahala ce. Injin yankan ƙarfe ya cinye maka kunne, sai an yi ta ɗaga murya, ga gidan nan ba ya rabuwa da mutane, ni kuma ina takaba ba halin in zo. Bello mai adaidaita, maƙwabcinmu, yana bi ta Gyadi-Gyadi kullum, shi zai riƙa kai maka.

Maganar tirelar Malam ce, wadda ya bari a bakin shagonka sati biyu kafin rasuwarsa. Wannan ɗan ɗakin da yake ja da mota, mai rufin da ake murɗa hannu ya tashi ya zama tanti, shi ne gidansa na biyu duk shekarun da ya yi yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Inda mota ta ƙi shiga sai ya hau keke. Ya gaji da ɗaure keken da igiya, shi ya sa ya ce ka yi masa kariya ta ƙarfe, irin ta ɗora kaya, mai cin keke biyu, nasa da wanda ya saya mini. Na yi masa dariya, na ce mace kamata a kan keke? Ya ce a bakin ruwan Tiga ba mai kallona sai shanu.

Saura kwana ashirin da shida in fita. Ina so ka gama aikin kafin nan, ɗana Sadiq zai ja mu zuwa Tiga.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma da nauyi nake rubuta shi. Kada a taɓa kayan ciki. An wanke tufafinsa duka an rabar, ban iya hanawa ba a gaban 'yan'uwansa. Bargon da ke kan katifar tirelar nan shi kaɗai ya rage da ƙamshin jikinsa. In na ce a kawo mini shi gida, Gwaggo, yayarsa, za ta haɗa shi da kayan sadaka. A bar shi a rufe, ni zan shiga da ƙafata.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Maimuna

Gyadi-Gyadi
4 ga Yuni

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya gafarta wa Malam. Kunnena lafiyarsa lau, ku ne kuke magana ƙasa-ƙasa.

Na zagaya tirelar sau uku ni da Ƙasimu abokin aikina. Wuri uku ne za a iya ɗora keke. Na farko baya, a kan bamba, amma ƙarfen wurin bai fi gwangwanin madara kauri ba, rami ɗaya a hanya zai yage, kuma nauyi a baya yana sa tirela rawa. Na biyu gaba, a wuyanta inda take haɗuwa da mota, sai dai tukunyar gas tana nan, in aka karya kwana keke zai iya dukan mota. Na uku sama, a kan rufi. Ni nan na zaɓa. Shekarata ashirin da biyar ina yi wa motocin haya kariya, ana loda musu buhunan albasa har Legas, ba wadda ta taɓa dawo mini. Keke biyu ai wasan yara ne.

Malam ya ce zai kawo mini zanen yadda yake so, Allah bai nufa ba. Maganar kayan ciki na ji, ba mai taɓawa.

Hafsat tana gaishe ki.
Ƙaninki, Sagiru

Tarauni
7 ga Yuni

Sagiru,

Sallama da gaisuwa. Na ga takardarka, na kuma ga cika bakin nan naka bai ragu ba tun kana yaro.

Ni ban san ƙarfe ba, alli da allo na sani. Amma abin da na gani da idona zan faɗa maka: Malam bai taɓa ɗora ko tabarma a kan rufin nan ba. Ko yara suka jingina sai ya tashe su. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Abubuwa da yawa ban tambaye shi ba, ina ganin kamar akwai lokaci. Na duba durowarsa ko zan ga zanen, ban samu komai ba sai tsofaffin katunan allurar shanu da rubutunsa mai kwanciya gefe ɗaya. Na zauna ina karanta sunayen Fulanin da ban sani ba har aka kira la'asar.

Ina kewarsa, Sagiru. Ba kukan da ake yi a gaban masu ta'aziyya ba. Da yamma ne, lokacin da ya saba shigowa yana ƙorafin ƙurar titin Maiduguri, sai in tsinci kaina na ɗebo ruwa a kofinsa. Idan abin ya yi yawa sai in tuna akwai wuri ɗaya a garin nan da har yanzu yake ciki, a rufe, yana jirana. Da wannan nake ƙirga kwanaki.

Ka yi yadda ka ga ya dace, kai ne mai sana'ar. Amma ka yi tunani a kan abin da na ce.

Yayarka, Maimuna

Gyadi-Gyadi
15 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa. Malam ya fi ni gaskiya, kuma kin fi ni.

Na ɗaga rufin na huda shi wuri takwas, na ɗaure ƙafafun kariya da noti, na sauke shi, na yi walda da ƙarfe mai kauri irin wanda nake sa wa motocin Legas. Ta yi kyau, har masu wucewa suna tsayawa. Da muka zo gwadawa na murɗa hannun, rufin ya ƙi motsi. Ƙasimu ya sa ƙarfi, muka ji wayoyin da ke ɗaga shi suna kuka kamar za su tsinke, na ce ya bari. Ashe rufin an yi shi ne ya ɗauki kansa kawai. Ni na saba da rufin da ake so ya zauna, ban taɓa aiki a kan wanda ake so ya tashi ba.

Na yanke ta duka na cire notukan. Zan koma gaba. Zan matsar da tukunyar gas gefe, in yi kariyar da bututu mara nauyi, in ɗaga ta sama kaɗan yadda ko an karya kwana ba za ta taɓa mota ba. A wuyan ma ba walda zan yi ba, ɗauri zan yi, in kin gaji da ita a kwance.

Hudojin rufi gobe zan toshe su da gam idan na dawo daga Hotoro, akwai ƙofar gida da zan kafa.

Ƙaninki, Sagiru

Tarauni
18 ga Yuni

Sagiru,

Ina gaisuwa. Shekaranjiya da azahar an yi ruwa a nan kamar da bakin ƙwarya, har ya shigo mana tsakar gida. Bello ya ce ku ma kun samu. Ka riga ka toshe hudojin?

Jiya bai kawo mini komai daga wajenka ba. Ya ce ya gan ka a shago, ka ɗaga masa hannu ka shige ciki. Ka ba ni amsa ko layi ɗaya ne.

Maimuna

Gyadi-Gyadi
21 ga Yuni

Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Ban toshe ba. Ruwan ya same ni a Hotoro, na baro aikin na taho, kafin in iso an gama. Ruwa ya bi ta hudojin ya sauka a kan katifa. Hafsat ce ta lura ruwa yana ɗiga ta ƙasan tirelar, ta sa Ƙasimu ya ɗaga rufin, ta tarar da bargon ya jiƙe sharkaf. Ta ce kayan marigayi ba za su yi funfuna a bakin shagon mijinta ba tana kallo. Ta wanke shi sau biyu da sabulu, da rana ta fito ta shanya, ta cire rigar katifa ita ma ta wanke, ta goge ko'ina. Daga baya ta kunna turaren wuta mai kyau, wanda take ɓoyo tun bikin 'yarmu A'isha, ta turara ciki ta rufe. Ta ce so take ranar da kika shiga ki ji daɗi.

Ba laifinta ba ne. Na ce mata kada a taɓa kayan ciki, amma ban gaya mata dalili ba. Maganar ta yi mini nauyi a baki, maganar yayata da mijinta ce. Da na faɗa mata, ita mace ce, da ta fi ni ganewa. Da ta ji yanzu, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, tana so ta zo tana jin kunyarki.

Kariya ta kammalu. Na ɗora kekunan biyu, mun ja ta har Unguwar Gano mun dawo, ko motsi ba su yi ba. Rufin yana tashi da hannu ɗaya. Na san ba wannan kike son ji ba.

Ki yafe mini.
Sagiru

Tarauni
24 ga Yuni

Sagiru,

Wa'alaikumus salam. Ka ce wa Hafsat ta ci abinci, ta kuma zo ranar fitata. Abin da ta yi shi kowace mace ta gari za ta yi. Kai ma na yafe maka, ko da yake kwana biyun farko da ka shigo gidan nan da ban amsa maka sallama ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. Tun da na karanta takardarka nake ƙoƙarin tuna ƙamshin, ya ƙi zuwa. Fuskarsa tana nan, muryarsa tana nan, har tarinsa na safe. Wannan ɗin ne na bari a tirela ban riƙe shi a kaina ba, domin na ɗauka yana ajiye. Shekara talatin da ɗaya, yau in aka ce in faɗi yadda yake ba zan iya ba.

Na yi wani tunani. Noti ba ya ɗauruwa ta waje kaɗai. Ranar da ka huda rufin dole ka shiga ciki ka ɗaure ta ƙasa, kafin ruwa, kafin sabulu. Ba faɗa zan yi ba. Kai ne na ƙarshe da ya shaƙa. Ka faɗa mini abin da ka ji, dalla-dalla, yadda kake lissafa mini ƙarafa. Kada ka ji nauyi wannan karon.

Yayarka, Maimuna

Gyadi-Gyadi
25 ga Yuni

Yaya,

Na shiga.

Da farko warin maganin kaskar shanu ne, kaɗan, ya kama tantin. Sai hayaƙin kirare irin na ruga, da man shanu. Da na sunkuya kusa da bargon sai na ji kanumfari, wanda yake taunawa bayan cin abinci, da zufar mutum mai tsabta wanda ya wuni a rana. Daidai yadda nake ji idan na tsaya kusa da shi a sahun Juma'a.

Na zauna a bakin katifar da sifana a hannu, ban ɗaure komai ba, har Ƙasimu ya leƙo ya ce ko noti ne ya ƙi. Na ce masa e.

Duk ranar da ya sake ɓace miki ki tambaye ni.

Ƙaninki, Sagiru