Maganar Ɗakunan Su Tanko

Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuwa za ka karanta ta ba. Amma kai ka koya mini ajami, kuma yau cikina cike yake da labari, in ban zubar da shi ba sai in fashe.

Malam, su Tanko ba za su tashi ba! Ɗakunan sun tabbata nasu. Ka yi haƙuri da tawadar da ta ɗiga.

Ka tuna shekarar da ka kawo Tanko da matarsa Laraba? Sun dawo daga asibitin kutare da takardar sallama, an ce sun warke, amma danginsu suka ƙi buɗe musu ƙofa. Ka gina musu ɗaki a kangon bayan gidanmu, kafin damina biyu ɗakuna sun zama uku, duk na irinsu. Masu kawo maka rini suka ja baya, aka daina aiko mana da tuwon suna. Ka san ban so ba, don na yi maka mita har na gaji. Abin da ba ka sani ba, duk ranar da Laraba ta taɓa gugana, sai na wanke shi da toka bayan ka tafi karofi.

Ga wanda ya fi wannan nauyi. Bayan sadakar arba'in ɗinka, ƙanenka Sale ya ce kangon gado ne, su kwashe kayansu kafin ruwa ya sauka, wani ɗan kasuwar Kurmi yana so ya yi sito a wurin. Tanko ya ce ka ba su sadaka har abada. Aka ce ina takarda, ina shaida? Kai ma dai, Malam, da zurfin cikinka! Me ya hana ka kira liman? Ni kaɗai ce a ɗakin ranar da ka faɗa, ina yi maka fifita, Laraba tana bakin ƙofa.

Na yi shiru, Malam. Duk takabata na yi ta da wannan magana a ƙirji. Laraba kuwa kullum sai ta ɗebo mini ruwa daga famfo da guntayen yatsun nan nata, ta ajiye tulu, ta gaishe ni, ta tafi. Ta san na ji. Ko sau ɗaya ba ta ce in yi magana ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Sale ya san halina, ya san ban taɓa son zamansu a nan ba, shi ya sa ya bugi ƙirji a gaban mai unguwa da liman, ya ce duk abin da na faɗa ya yarda. Shekaranjiya zaurenmu ya cika maƙil. Na tsaya bayan ƙyaure, na faɗi maganarka yadda ta fito daga bakinka, ban ƙara ba, ban rage ba. Sale bai so ba, amma magana zarar bunu ce, kuma jininku ɗaya. Ya ce ya yarda, liman ya rubuta.

Sai ga abin da ban zata ba. Mai unguwa ya shiga lissafa ayyukanka, mutane suna ƙarawa. Ashe kai ka raka makahon nan na unguwar Koki gaban alƙali har aka mayar masa da gidansa? Ashe kai kake gyara wa tsofaffin bayan masallaci indararo duk bazara? Ina kwana gida ɗaya da kai, sai a bakin mutane zan ji? Na yi kuka, na yi dariya, na ji haushinka, duk a tsaye wuri guda.

Jiya kuma gayya aka yi! Marina suka kwaso katsi, tokar nan da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, daga karofi, magina suka kwaɓa laso da shi, aka shafe rufin ɗakunan uku tas. Malam, da ka ga mutanen da a da suke kauce wa lungun nan suna miƙa wa Tanko hannu! Har Sale ya naɗe riga ya ɗauki kwando. Mu mata muka tuƙa tuwo tukunya huɗu, Laraba ce a kan miya, babu wanda ya rage loma. Na rangaɗa guɗa har muryata ta dushe, ko kunya ban ji ba.

Da aka yi fatiha, mai unguwa ya ce daga yau da sunanka za a riƙa kiran lungun. Yara har sun kama. To ni fa? Shekara ashirin da shida ina gidanka, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Yanzu in an tambaye ni ina nake zaune, me zan ce? Ka ga wahalar da ka bar ni da ita?

Ka yafe mini shirun da na yi. Allah ya haskaka makwancinka, ya gina maka gidan da ya fi wanda ka gina musu. Baki dai ba zai iya ba, amma bari hannu ya gwada, tunda kai ma ba gani za ka yi ba.

Ni ce matarka, Hajara,
Lungun Malam Garba, Ƙofar Mata.