Na'ura Ta Goge Rabin Gyadi-Gyadi

Kigali, ranar Laraba

Maman Usaid,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau.

Ni lafiya ƙalau, kada ki damu. Kullum dai dafaffiyar ayaba ce, amma ana ci.

Kin tuna da ofis ya ce zai turo mu kwas ɗin data, na ce miki ai ko Usaid ya iya saka ta a waya? Ashe ba ita ba ce. Wai sunaye da adireshin da na shekara ashirin ina rubutawa a ofishinmu na Tarauni su ne data, kuma za mu koyi tace su da ƙirƙirarriyar basira.

Jiya na ba na'urar jerin unguwanninmu. Ta ga Gyadi-Gyadi, ta ce na maimaita, ta goge ɗaya. Unguwa Uku kuwa ta raba ta gida uku. Na gyara, raina a ɓace. Malamarmu, sa'ar ƙanwarki, ta tafa mini ta ce, "Madalla, ka koya mata! Gobe ba sai ta neme ka ba."

Har yanzu ban gane ba, yabo ne ko sallama? Ni aka turo in koya, ko ita? In ta iya, wa zai koma kujerata?

Kada ki faɗa wa Inna, ta dai yi mini addu'a. In za ki amsa, ki rubuta Gyadi-Gyadi cikakkiya, in tabbatar tana nan.

Mijinki,
Habibullah