Ɗumin Ƙarƙashin Ƙasa da Ɗakin Kawuna

Zuwa ga Manajan gidan hayarmu da ke Morris Heights, a yankin Bronx,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Habibu mai wankin mota, na hawa na huɗu.

Safiyar Talatar da ƙanƙara ta rufe titi, na dawo daga sayen burodi na tarar da kawuna, Malam Idi, zaune gaban obin, wato murhun gashi mai gas, ya kunna ya buɗe murfinsa don jin ɗumi, yana sanye da kwat biyu. Carbinsa ya faɗi ƙasa. Na kira shi sau uku bai amsa ba, ashe iskar gas ta sumar da shi. Motar asibiti ce ta ɗauke shi. Allah Ya yi da sauran kwana, amma yana dawowa muka samu takardarku, wai mun karya dokar gida da jin ɗumi da obin, mu tashi ƙarshen wata. Ga bayanina kashi uku.

Na farko. Da za ku cire tsohuwar tukunyar ɗumama gida ku sa na'ura mai jawo ɗumin ƙarƙashin ƙasa, injiniyanku ya tara mu ya nuna hotunan garinsu, wani ɗan gari a gindin dutse mai aman wuta. Ya ce kakanninsu wanki kawai suke yi a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa. 'Ya'yansu suka ja shi da bututu zuwa makaranta, sannan gidaje, jikoki suka mai da tururinsa wutar lantarki. Labarin ya burge ni. Ni na fassara wa dattawa, ni na lallashi Kawu ya yarda. Su a hankali suka koya, daga kaka har jika. Mu takarda ɗaya kuka ba mu, da Turanci.

Na biyu. Ƙasarmu ta nan Bronx ba ta tafasa kamar tasu. Ɗan ɗumin da ke cikinta na'urarku ke tatsowa sannu-sannu. In aka kashe ta, sai azahar ɗaki ke dawowa daidai. Ba wanda ya faɗa mana. Mu kuwa tun a gida, Zangon Kumasi, aka tarbiyyantar da mu cewa ba a fita a bar abu a kunne. Kawu in zai tafi sallar asuba sai ya kashe, ya dawo ya tarar da ɗaki kamar firji. A ganinsa amanar kayanku yake riƙewa.

Na uku. Sau biyu na zo ofis, aka ce in rubuto. Karatuna bai yi nisa ba, lauya kuma ba mu da shi. Kawu ya tsufa, ban san inda zan kai shi cikin wannan sanyi ba.

Roƙona ku janye takardar, ku turo wanda zai bi ɗaki-ɗaki ya yi bayani, ni zan fassara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka tsufa a ɗaki mai ɗumi.

Wassalam.

Habibu

In ana shakkar maganata, Hajiya Rabi maƙwabciyarmu ce ta buɗe tagogi, Sani direban tasi ya kama mini muka sauko da shi, mai sharar gidanku kuma shi ya riƙe mana ƙofa.