Harsashin da Na Zaɓa

Landan, daren Asabar, cikin sanyi.

Yau ɗana Sule ya kai ni filin da Turawa ke harbin faifan yumɓu, inji na cilla shi sama. Ya ce sabuwar bindigarsa mai ɗura wa kanta harsashi sai da harsashi mai ƙarfi. Na ƙi. Ni Sarkin Baka za a koya wa? Marigayi ubana bai taɓa ɓata naman tsuntsu da yawan albarushi ba. Na zaɓi marar ƙarfi. Harbi ɗaya, na kuskure faifan, kwanson harsashin kuma ya maƙale a cikin bindigar.

"Baba, laifin harsashin ne," in ji Sule, ya karɓi bindigar a hankali.

Na bar shi a haka. Faifan ma ban gan shi ba, ƙarar injin kawai na bi.