Zan Sauko Zuwa Takunki

Ya sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya! Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Da fatan kin tashi lafiya, da fatan ƙafar Baba ta ƙara sauƙi.

Maganar da kika yi mini a bakin ƙofarku har yau tana kunnena. Kin ce rayuwata gudu ce, taki rarrafe. Kin ce ni dije ne mai saka kiɗa a bukukuwa, yau ina wannan zauren taro gobe ina wancan, ke kuwa tun da ɓarin jikin Baba ya shanye duniyarki ta tsaya tsakanin ɗakinsa da ƙarshen layinku, inda kike raka shi motsa ƙafa kowace safiya. Kin ce in nemi wadda za ta iya takuna tun kafin in gaji in ga laifinki. Kin san bakina ba ya aiki sai hannuna na kan na'ura. To, yau ga amsata.

Kin tuna liyafar kammala karatun ƙaninki? Da la'asar ce, fili ya ɗauki zafi, abokansa suna tsalle kamar an zuba gishiri a wuta. Sai ga ki kin tsallake wayoyina, kin tsaya a gabana da fuskar nan taki mai kama da safiya bayan ruwa. Kika ce Baba yana so ya tashi ya taka wa ɗansa ko kaɗan ne, amma wannan kiɗan ya fi ƙarfin ƙafarsa, kuma ba kya so a tsayar da komai dominsa har idanu su koma kansa. Wallahi, tun da nake sana'ar nan ba a taɓa roƙona abu mai kyau irin wannan ba!

Bari in gaya miki abin da hannuna ya yi, tunda ke bayanki kika ba ni. Sabon shiga idan an ce ya rage zafi, datse waƙar yake yi ya jefo mai sanyi, sai fili ya yi tsit kamar an ɗauke wuta, kowa ya nemi kujera. Ni kuwa na manna abin ji a kunne ɗaya. Waƙar samari tana tashi a zaure, wata tsohuwar waƙa mai taushi tana tafiya a kunnena ni kaɗai. Na zaɓe ta ne domin duk bugu biyu na mai sauri yana sauka daidai kan bugunta ɗaya. Na riƙa janye gudun ta farko kaɗan-kaɗan, na rage nauyin gangarta, na jira inda mawaƙin ya tsaya jan numfashi, a nan na zuro ta biyun ta ƙasa. Samari ba su san lokacin da tsalle ya koma rangaji ba. Baba ya miƙe, sanda a dama, ke a hagu, ya taka cikin mutane ba wanda ya ji tausayinsa. Kika waiwayo kika dube ni, ni kuma na manta waƙar da ke biye.

Yanzu ke ce za ki ce mini mai sauri da mai sanyi ba sa haɗuwa? Ni da wannan ce sana'ata? Haba, tauraruwata! Akwai abin da ba na yi ko an roƙe ni: ba na jan waƙa mai sanyi da ƙarfi don ta kamo mai gudu. Idan aka matsa mata, muryar mawaƙin sirancewa take yi ta koma kukan sauro, daɗinta ya zube. Mai gudun ake saukarwa, ita ce ke da abin ragewa. To me zai sa in so ki canza taku, alhali takun ne ya kama ni? Yadda kike huce wa Baba shayi, yadda kike jiransa ya gama jimla ba tare da kin ƙarasa masa ba, yadda kike amsa tambayata sai kin juya ta kamar mai zaɓen tufa a kasuwa. Ina son duk wannan, har da na ƙarshen da ke ƙona mini rai.

Kada ki ce na yi sadaukarwa, ba ni da wannan girman. Daɗi nake ji. Yini nake a cikin ƙara har kunnuwana su riƙa amo, sai na zauna a bencin ƙofarku nake jin tsuntsaye. Yayata tana yi mini tsiya wai tun da na san ki har cin abincina ya koma na manya. Na rage ayyukan nesa ba tare da kin sani ba, kaɗan-kaɗan, yadda nake janye gudun waƙa, kuma ban ji fili ya watse mini ba. Kin gani? An riga an fara saukowa, ke ce kawai ba ki ji wurin haɗin ba.

Ba na neman amsa yau. Juya maganar yadda kika saba, sannu ba ta hana zuwa. Roƙona ɗaya ne, farin watana: kada ki datse mu. Gobe da safe zan tsaya a ƙofarku ba na'ura, ba waya. Ki riƙe hagun Baba kamar kullum, ni zan bi ta wajen sandar. Idan kin ga ƙafata ta wuce tasa ko da taku ɗaya kafin ƙarshen layi, ki sallame ni, ba zan yi musu ba. Idan kuwa mun isa tare, ki bar ni in dawo jibi.

Naki, a takunki, har numfashina ya tsaya,
Mai kunne ɗaya a zaure, ɗaya a wurinki.