Abin da ban fassara wa Umma ba

Malama Kabira, ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

A Makka aka haife mu. Ƙanena Rakan yana ƙarami ya kamu da sankarar jini, likitoci suka ce sai an yi masa gashi a kai, wato a ƙona cutar da hasken na'ura. Gwaggo Talatu ta rantse za a dafa wa yaro ƙwaƙwalwa, a bar shi da Zamzam da addu'a. Umma ta ce za ta haɗa duka. Ya warke. Tun daga nan ba biki ko suna a unguwar Mansur da Umma ba ta ba da labarin nan, musamman idan Gwaggo na kusa.

Yanzu Rakan ya girma, har da 'yarsa. Kwanan baya ya faɗi a wurin aiki, aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Larabcin Umma na cefane ne, ni ce mai digiri, don haka ni ce tafinta. Likita ya ce mai yiwuwa gashin nan ne sanadi. Rakan ya roƙe ni da Larabci, a gabanta, kada in faɗa. Na ce mata aiki za a yi. Ta ce likita ya daɗe yana magana, ni kuma na gama da wuri. Na ja ƙofa muka fito.

Yanzu ta ce yawan surutunta ne ya jawo masa kambun baka. Ta daina cin abinci. In faɗa mata?

Tafinta, daga unguwar Zahir, Makka

'Yar'uwa, Allah Ya ba Rakan lafiya. Ciwon nasa ne, kada ki tsallake shi. Amma ki nuna masa shirun bai kare Umma ba: ta riga ta ɗora wa kanta laifi, ta kuma san kin rage magana.

Idan ya yarda, ku koma wurin likita, ki fara da tambayar da ba ku yi ba: da ba a yi gashin ba, me zai faru da yaron? Ki fassara amsar duka, sannan sauran. Za ta yi kuka. A ranar, Rakan ya ɗora mata jikarta a cinya, ya gode mata da bakinsa, ko da gurguwar Hausarsa ce.

Gwaggo Talatu kuwa, ba ta cikin masu buƙatar fassara.

Allah Ya sa a yi aikin a sa'a.

Kabira